Biyu Suka Shiga Dawa

Ba na son mutumin da ke saurin cewa "haka Allah ya so" a kan rashin da ba nasa ba. Ban ce ƙarya yake yi ba. Gaskiya ce, amma gaskiyar da ba ta ci masa komai ba, ya faɗe ta ya karkaɗe riga ya tafi cin tuwonsa. Kwanakin nan na ga irinsu da yawa a gidan maƙwabciyata, wadda aka tare mijinta a hanyar gona aka shige da shi dawa, yau wata huɗu babu labari. Tana zaune da waya a tafin hannu kamar mai riƙon ƙwai, su kuwa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da wa'azinsa a baki. Ni da na je ban ce mata uffan ba. Na ɗauki tsintsiya na share mata tsakar gida na dawo. Jikata ta ce ko sannu ban yi wa matar ba. Na ce mata sannun da aka yi mini a zamanina, da ana zuba ta a rumbu, da har yau ban gama ci ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Karatun boko ban same shi da ƙuruciya ba, sai da furfura ta fara leƙowa na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Wanda ya ga layina ya karkace ya miƙe shi da kansa. Ni dai abin da na sani zan faɗa, da abin da har yau ban sani ba.

Dawan nan da yanzu ake ambata da raɗa, ana waige-waige, a da rumbunmu ne. Muna wani ƙauye a bayan Randagi, Turawa ba su daɗe da tattara nasu ba, mota kuwa sai ka yi tafiyar yini kafin ka ga ƙurarta. Da an yi sallar asuba za ka ji mata suna kiran juna ta kan danga, a ɗauki ƙwarya a bi sawu cikin raɓa zuwa tsintar kaɗanya. Mu Hausawa kaya a ka, matan Gwari nasu a kafaɗa, muna tafe muna yi wa juna tsiya, su ce wuyanmu zai nutse, mu ce kafaɗarsu za ta tsufa ta bar su. Kakata ta wajen uwa Bagwariya ce, saboda haka duk zagin da aka yi da yaren ina ji, ina kuma ramawa. Daga dawan nan muke samun kalwar daddawa, da man kaɗe, da itacen girki, da maganin shawara, da naman da maharba ke kawowa. Kana ciki za ka ji kurciya tana kuka, birai suna faɗa a kan itacen maje, can nesa gatarin wani yana sara. Ba mu ce babu tsoro ba. Akwai ɓauna, akwai kura, akwai kububuwa a ƙarƙashin ganye. Amma tsoron yana da doka, in ka bi dokar ka dawo gida. Na yanzu ba shi da doka, yana kan babur, yana jin Hausa, wani lokaci ma ya san sunan ubanka.

Dokokin dawa kuwa tun muna goye ake zuba mana su a kunne. Ba a nuna kuka da yatsa. Ba a zuba ruwan zafi a gindin tsamiya. Babbar cikinsu ita ce ta suna. In an yi nisa, an wuce inda ake jin luguden gari, ba a ƙwala wa mutum kira da sunansa, domin tsofaffi sun ce akwai masu dawan da ba a gani, in suka ji sunan sai su are shi, su ari muryar ɗan'uwanka su kira ka da ita, ka yi ta bi har ka ɓace. Don haka in za ka nemi abokin tafiya, sai ka buga bayan gatari a jikin itace sau uku, shi ma ya buga. In kuwa ka ji an kira sunanka, ko da muryar uwarka ce, ka toshe kunne ka zauna inda kake. Musulminmu da masu zuwa coci da masu bin na gado, a kan wannan babu mai musu. Ni ma haka na koya wa nawa 'ya'yan, har da ranƙwashi.

Mai gidana mai zuma ne. Noma yana yi kamar kowa, amma in bazara ta kama, zafi ya sa zuma ta cika kogo, to ba ka ganinsa sai da gora da igiya da gatari. Mutum ne mai yawan dariya, mai ƙyuyar ɗaukar kaya, in ya ga tsuntsun nan da ke kai mutane ga zuma sai ya manta yana da iyali. Abokin tafiyarsa tun suna samari shi ne Bawa, Bagware daga tungar da ke gindin dutse, dogo, marar magana. Tare suka yi kaciya, tare suke shiga dawa, abin da suka samu su raba biyu. Sai dai a shekarar da nake magana, ina bayan zana ina tankaɗe na ji sun ɗaga wa juna murya a kan wani maje. Bawa ya ce itacen yana da shaidar ubansa, sara biyu a gicciye, mai gidana ya sha zumar ba tare da ya gaya masa ba. Mai gidana ya mai da abin wasa. Bawa bai yi dariya ba. Bayan kwana goma suka ɗauki goruna suka tafi tare kamar ba a yi ba.

Kwana uku suka ce, sai a na biyar da hantsi na ga Bawa a ƙofar gida shi kaɗai. Gora biyu a kafaɗarsa, gatari biyu a hannunsa. Ina daka, taɓaryar ta tsaya mini a sama. Bai dube ni ba, ya wuce wurin uwar mijina, wadda muke kira Inna, ya durƙusa. Ya ce sun sauke kaya a wani faffaɗan dutse kusa da ƙorama, mai gidana ya ga tsuntsu ya bi shi da 'yar wuƙa kawai, ya ce yanzu zai dawo. Rana ta karkata bai dawo ba. Ya ce ya buga itace har hannunsa ya yi kanta, ya kwana biyu yana zagaye, ruwan farko kuma ya sauko ya shafe sawu. Inna ta saurara har ya gama, ta ce Allah ya sa ya faɗa hannu nagari. Ni kuwa idona yana kan gatarin. Wane mai zuma ne zai bi tsuntsu ya bar gatarinsa? Inna ta ce ɗanta ne, ta san halinsa, ko fartanya in ya samu mai riƙe masa ba ya ƙi. Na ji, amma bai shige ni ba.

Maza suka fita, Hausawa da Gwari da Fulanin rugar da ke kusa, maharba da karnuka da bindigar toka. Kwana bakwai suna nema. Suna duban sama ko za su ga ungulu na shawagi, ba su gani ba. Babu jini, babu tsumma, babu ƙashi. In faɗa tun yanzu don kada mai karatu ya zauna jiran abin da ba zai zo ba: har yau da nake wannan rubutu ba a ga ko zaren hularsa ba. Dagaci ya tura mu wurin alƙali a Birnin Gwari, alƙali ya ce babu gawa babu shaida, ba a kama mutum da zato, ni kuma in jira shekara huɗu kafin a yi maganar takaba. Na dawo gida ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba, da 'ya'ya biyu, Lami ce babba, da tsohuwa.

To sai na koma ga Allah, kuma ban je da wasa ba. Na yi nafilar da ban taɓa yi ba, na yi azumin Litinin da Alhamis, na soya ƙosai na raba ran Juma'a, na sa an yi saukar Alƙur'ani. Da farko roƙona a dawo mini da shi. Da na ga shiru sai na rage, na ce ko gawarsa. Na sake ragewa, na ce ko ƙashi ɗaya da zan binne in san inda zan nuna wa yara. Daga ƙarshe na ce ko a mafarki ya zo ya gaya mini wanda ya yi masa. Ko wannan ban samu ba. Ga mata nan mazansu sun mutu suna zuwa musu a barci har su yi ƙorafin gishirin miya, ni nawa ko tarinsa. A cikin wannan damina akuyar wata maƙwabciyarmu ta ɓata, matar ta yi kwana uku tana kiran Allah, sai ga akuya ta dawo har da ciki. Matar ta zagaye gari tana cewa Allah maji roƙon bawa. Na tsaya ina kallonta. Akuya aka mayar. Astagfirullah, a ranar na fara zargin cewa ba rashin ji ba ne, an ji ni sarai, ɓoye mini ake yi.

Wanda ya fara zargin sama, na ƙasa ba su da mafaka. Bawa ya tara gayya suka nome mini gona, na ce alhaki ne ke cinsa. Ya aiko matarsa Ladi da doya, na ce toshiyar baki ce. Na zazzage ta ta koma da doyarta, ya daina aikowa, na ce ga shi nan, ya ga asiri zai tonu ya janye. In ya gaishe ni na ce ƙarfin hali, in ya sunkuyar da kai ya canza hanya na ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Liman in ya ce in yi haƙuri sai in tuna ai shi ma yana shan zumar Bawa. Har Inna ban bari ba. Tsohuwa ta rasa ɗa amma tana kaɗa audugarta, tana jan carbinta, tana cin tuwo, na ce anya ba ta san wani abu ba? Ta taɓa ce mini zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na ce mata to in ya zama gaskiya ai na rage asara.

Da bazara ta zagayo, zuma ta fara shigowa kasuwa, sai abin ya taso mini gaba ɗaya. A lokacin akwai wani tsoho a kan dutse, bayan tungar su Bawa, wanda ke ba da gwaska. Ɓawon wani itace ne na kurmi, a daka a jiƙa, wanda ake zargi ya sha. In ya amayar ya fita, in cikinsa ya riƙe to ya tafi ke nan, an ce gaskiya ta kama shi. Hukuma ta hana tun zamanin Turawa, amma hukuma tana bakin titi, mu muna bayan dutse. Na hau na same shi. Ya dube ni ya ce yanzu kaza ake ba wa a madadin mutum, in kawo kaza a ambaci sunan Bawa a kanta. Na ce masa ba kaza ce ta shiga dawa da mijina ba. Ya ce to sai in mutumin ya yarda da bakinsa, a gaban jama'a.

Ran kasuwar Randagi na tare Bawa a rumfar masu doya. Ban rage murya ba.

"Bawa, in kai ɗan halak ne, ka sha gwaska a kan uban 'ya'yana."

Mutanen wajen suka juyo suna kallonmu. Na zaci zai yi rantse-rantse ko ya kira dattawa. Sai ya ajiye doyar da ke hannunsa a hankali.

"Zan sha, uwar Lami. Yarana sun gaji da sunan da ake kiransu da shi a bakin rafi."

Saurin yardar ma sai ya zame mini abin zargi. Na ce ko sun gama magana da tsohon, ai yarensu ɗaya. Aka sa rana, kwana uku. Ladi ta zo ta faɗi a gabana tana kuka, ta ce ita ta fara zuwa coci, malaminsu ya ce wannan gwada Ubangiji ne, ta haɗa ni da nonon da na sha. Na ce ta tashi kada ta ɓata zanenta. Liman ya aiko aka kira ni, ya ce abin da zan yi shirka ne, kuma in mutumin ya mutu jininsa yana wuyana. Na ce, "Malam, shekara guda ina tambayar Mai sama bai tanka ba. Bari in tambayi itacen da ya halitta." Ya yi a'uziyya ya ce in je in wanke bakina. Na je, amma ban janye ba.

Ana gobe za a sha, na aika wa Bawa cewa ina so ya kai ni inda suka rabu. Ba don kewa ba. So nake in ga fuskarsa a wurin, in ga inda ƙafarsa za ta ƙi takawa. Muka fita da sassafe mu uku, shi a gaba, Ladi a tsakiya, ni a baya ina ƙirga duk inda ya waiga. An ƙone ciyawa, dawa ya yi fili, sabon toho yana fitowa ja-ja a jikin itatuwan doka. Muka wuce inda muke tsintar kaɗanya, muka wuce inda ban taɓa kaiwa ba. Rana tana tsaka muka iso dutsen. Faffaɗa ne kamar masussuka, ƙorama a gefensa ta ƙafe sai yashi, can gaba kurmi ya yi duhu. Ya nuna inda suka ajiye goruna, ya nuna inda mai gidana ya bi, ya nuna itacen da ya yi ta bugu, ga tabon nan a jikinsa bai gama warkewa ba. Na duba tabon. Na ce a raina wannan ko bayan an gama aika-aika ana iya yinsa.

Sai na hau kan dutsen. A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan mijinta, ko sunan wani ne ya zo ɗaya da nasa sai ta kauce ta ce mai sunan Malam. Shekara tara ina gidansa sunan bai taɓa fita bakina ba. Ranar na cika ƙirji na ƙwala shi, a tsakiyar dawa, inda aka hana. Ba zan rubuta shi a nan ba, na ranar ya isa. Ladi ta dafe baki. Na sake, na sake, har muryata ta dushe. Tsuntsaye suka tashi, kurmi ya maido mini da guntun sunan, daga nan shiru. Shirun da na saba da shi a kan buzun salla, shi na tarar a can.

Da na juyo sai na ga Bawa a tsugune, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Ya fara magana da Gwari, ba da Hausa ba, kuma ba ni yake kallo ba.

"Haka aka kira ni. Daga can, wajen kurmi. Rana ta kusa faɗuwa."

Na sauko. Na ce wa ya kira shi.

"Muryarsa ce. Bawa, Bawa. Sau uku. Na ukun ba ƙarfi."

"Ka je?"

"Na zauna a nan na riƙe layata. Na ce su ne, sun ari muryarsa. Shi ya san doka, ba zai kira suna ba. Na buga itace, ba a buga ba. Da gari ya waye na shiga kurmin, ruwa ya riga ya sauka."

Ladi ta zauna daɓas a kan yashi. Ashe ita ma ba ta taɓa ji ba. Na tambaye shi, to shi ne ko ba shi ba ne. Ya ɗago ya dube ni, karo na farko a shekara guda.

"Ban sani ba, uwar Lami. Kullum sai na tambaya. Ba don ke zan sha ba. Ni ma so nake a gaya mini."

Muka kamo hanyar gida. Kada a ɗauka zuciyata ta yi sanyi. Ina tafe ina juya abin: in gaskiya ya faɗa, mijina ya karye ko maciji ya sare shi, ya karya doka don azaba, ya kira amininsa, amininsa yana jin sa ya toshe kunne. In kuwa ƙarya ce, to Bawa ya fi duk yadda na zata wayo, ya ajiye wannan labari sai ana gobe don ya karya mini gwiwa. In kuma da gaske masu dawan ne suka kira, to ya yi daidai, ya tsira da ransa. Hanya uku, kowace na bi sai ta ɓace mini a ciyawa. Gwaska kuwa baki biyu gare ta, a amayar ko a mutu. Wanne daga ciki ne amsar wannan?

Mun iso bayan magariba. Na tarar da Inna ta idar da salla tana zaune a kan tabarma, na zayyana mata duka, ina jira in ga tsohuwar nan ta fashe ko sau ɗaya. Hawaye ya bi tamojin fuskarta, ba ta share ba. Sannan ta ce ita ta koya wa ɗanta kada ya amsa kira a dawa, uwar Bawa ta koya wa nata, da ɗanta ne a kan dutsen Bawa a kurmi, da abin da zai faru ke nan. Ta ce tana yarinya ta ga an ba ɓarawon da kowa ya sani gwaska ya amayar ya tafi yana taƙama, ta ga an ba wata baiwar Allah mai ciwon ciki ta mutu a kan abin da daga baya aka gano ba ita ba ce. Na ce to ita ba ta son sanin abin da ya sami ɗanta? Ta ce tana so fiye da ni, ita ta haife shi.

"Amma ke 'yar nan, ba sani kike nema ba. So kike ki kafa wa Allah rana, ki ce gobe da hantsi lalle ya yi magana. Shi ba yaron gidanku ba ne."

Na ce ai na kira shi shekara guda, yana ji ya yi banza da ni, me ya raba shi da Bawa. Na faɗa, Allah ya yafe mini. Inna ba ta yi salati ba, ba ta kore ni ba.

"Bawa ya yi shiru don tsoro. Shi wa yake tsoro? Yana kurmin ranar, ya ga abin da ya faru tun daga farko har ƙarshe. Ɗana bai mutu a inda babu kowa ba, in ma ya mutu. Ni wannan nake riƙe da shi nake iya haɗiye tuwo. Dalilin shirun nasa ne, bai ce zai ba ni ba."

Maganar ba ta yi mini daɗi ba, kuma ban ce mata na yarda ba. Na tashi na kwasa wa yara tuwo. Amma abu ɗaya ya maƙale mini kamar ƙaya a tafin ƙafa. Duk shekarar nan abin da ke cina shi ne babu shaida, babu wanda ya gani. Ashe akwai. Shaidar ce ba ta ga damar magana a ranar da na sa ba, ni kuma don haushi zan ɗauki ran mutum in jefa mata in ga ko za ta motsa.

Da gari ya waye na yi salla, na ɗaura zane na hau dutsen. Mutane sun riga ni, ba su da yawa, kowa ya yi cirko-cirko. Bawa yana zaune a kan wani dutse daga shi sai bante, an aske masa kai. Ladi tana nesa ta juya baya. Tsohon ya tace jiƙon a ƙwarya, ja kamar ruwan kwata, ya ce al'ada mai ƙara ke miƙawa da hannunta. Na karɓa. Bawa ya miƙo hannu biyu. Na dube shi da kyau, na nemi gaskiya a fuskarsa na nemi ƙarya, ban ga ko ɗaya ba, fuskar mutum ce kawai.

Na karkata ƙwaryar na tsiyaye ta a ƙasa tsakanina da shi, har ɗigon ƙarshe.

"Ban wanke ka ba, Bawa," na ce. "Ban kuma kama ka ba. Na bar mu, ni da kai, da Wanda ya gani."

Na kife wa tsohon ƙwaryarsa a gabansa, na gangara. Hadari yana haɗuwa ta gabas, ga gona ban gama sharewa ba.